Amsa ga ƙanena na Anguwar Rogo mai son zuwa karatun siffofi

Ƙanena, na ga saƙonka da hoton ƙwallon da ka haɗa da kwali da gam. Ka ce ka gama digirin lissafi, kana son in nemo maka hanyar zuwa Ingila ka yi na biyu a kan siffofi masu fuskoki da yawa. Kai ne na uku daga Jos a watan nan, amma kai kaɗai ka turo aikin hannunka, shi ya sa na zauna zan ba ka amsa.

Abin da ka haɗa asalinsa siffa ce mai fuskokin alwatika 20, aka gutsure tsininta 12, ta koma mai fuska 32, tsini 60, gefe 90. Ka cire gefe daga tsini, ka ƙara fuska, ka sami 2, yadda masanin lissafi Euler ya nuna. Ni ma da wannan haddar na sauka ƙasar nan, ina ji da kaina.

A makona na farko malamin da ke duba aikina ya ajiye mini wata siffa mai kama da ƙaramin tauraro da masanin taurari Kepler ya bayyana a 1619, wadda ake samu idan an miƙa fuskokin siffa mai fuska 12 har suka haɗu a waje. Ya ce in ƙirga. Tsini 12, gefe 30, fuska 12: sai na ga 6 ƙasa da sifiri. Na ce masa ƙirgar ce ba daidai ba. Ya ce in je in nemo dalili. Wallahi wata biyu na yi ina fama, har kuka na yi a ɗaki, kafin na gane fuskokinta taurari ne masu ratsa juna, kuma 2 ɗin Euler na siffar da za a iya hura ta ta zama ƙwallo ce kawai. Wannan kuwa tamkar mai huda huɗu ce. Har yau ina jin ciwon shekarun da na yi ina hadda ban taɓa tambayar dalili ba, ina kuma alfahari da cewa da kaina na gano.

Batun kuɗi kuwa, kada ka bari Baba ya sayar da fili. Bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, haya ce za ta lashe kuɗin. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyali. Sanyin Jos kuma wasa ne. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. In babu cikakken tallafin karatu, ka dakata.

Kafin mu yi maganar makaranta, ka rubuto mini hujjar da ta sa siffofin Aflaton, wato masu daidaitattun fuskoki iri ɗaya da ba sa ratsa juna da tsini iri ɗaya, biyar ne rak, da yadda aka yi mai fuska 20 take da juyi 60 da ke mayar da ita kamar ba a taɓa ta ba. Da hannunka, ba daga intanet ba. Ka gaida Mama.