Murjani dutse ne ko dabba?

Wata Hajiya mai sayar da kayan ado a babbar kasuwar Garwa ta aiko da tambaya. Ta ce jikarta ta dawo daga makaranta tana cewa murjani dabba ne, ita kuwa tun tana amarya take sayar da shi a cikin duwatsun wuya. Wa ke da gaskiya?

Hajiya, yarinyar ce ke da gaskiya, amma ke ma ba ki yi kuskure ba. Abin da ke kan teburinki dutse ne, sai dai mai rai ne ya gina shi.

Kalmar murjani aro ce daga Larabci, marjan. Duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya ji ta sau biyu: a aya ta 22 tare da lu'ulu'u, inda ake maganar abin da ke fitowa daga tekuna, da kuma a aya ta 58 tare da yaƙutu. Masu tafsiri na farko ma sun saɓa a kanta, wasu sun ce ƙananan lu'ulu'u ne, wasu sun ce jan dutsen nan ne da muka sani. Daga nan sunan Murjanatu ya fito, wanda muke gajartawa mu ce Murja.

Ita halittar ƙarama ce ƙwarai, jikinta laushi kamar majina, da baki ɗaya da 'yan hannaye kewaye da shi. Dubbai ne ke zama wuri guda, suna tsotsar sinadarin farar ƙasa daga ruwan teku suna gina wa kansu ƙashi. Ja ɗin da mata ke so a Bahar Rum yake tsirowa, cikin kogunan dutse masu duhu, da rassa kamar ƙaramin icce. Girmansa a hankali yake, 'yan milimita a shekara, don haka ɗan ƙwayar da ke wuyan amarya na iya girmar uwarta. Garin Torre del Greco kusa da Napoli a Italiya ya daɗe da suna wajen sassaƙa shi, kuma ayarin fatake daga Tarabulus ne suka riƙa kawo irinsa Borno da Kano ta hamada. Yau da yawa daga abin da ake kira murjani a kasuwa gilashi ne ko roba. Na gaskiyar, in aka ɗiga masa ruwan lemun tsami, zai yi 'yar kumfa, domin tsami yana cin farar ƙasa. Kada dai ki gwada a kan mai tsada, yana dusar da shi.

Wani ɗalibi daga Kuseri ya tambayi yadda za a ce kalmar Faransanci récif corallien da Hausa. Ɗana, ni tudun murjani nake cewa, domin tudu ne a ƙarƙashin ruwa, wanda zuriya bayan zuriya ta gina a kan ƙashin iyayenta. Masu gina tudun ba jan nan ba ne, danginsa ne da ke son ruwa mai ɗumi, marar zurfi, mai hasken rana. Mafi girma yana gabar Ostireliya, tsawonsa kusan kilomita 2,300. Duk tuddan duniya ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren kifin teku a nan suke samun abinci da wurin ƙyanƙyasa.

Kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa. Kakanninmu da suka tafi hajji a ƙasa, ta Abeshe da Darfur, sun tsaya a Suwakin kafin su hau jirgin ruwa. Gidajen tsohon garin Suwakin da dutsen murjani aka gina su, haka ma na tsohuwar Jidda inda suka sauka. Ruwan da suka ƙetare shi ne Bahar Maliya, wato bahar mai gishiri. A nan Cadi kuwa mun saba jin bahar a kan kogi, kamar Bahar Salamat, shi ya sa ƙarin kalmar nan ke da amfani.

Tambaya ta uku daga wani masunci ce a Lagdo, wanda ya nemi bayanin karin maganar nan: ruwa ba ya tsami banza. Malam, asalinta daga madafa ne. Ruwan randa ba ya tsami sai an jiƙa gero a ciki ko wani abu ya faɗa. Ana faɗarta in aka ga sauyi a wurin mutum, aboki ya daina gaisuwa ko mata ta yi shiru, ma'ana a nemi dalili.

Na haɗa tambayarka da ta Hajiya da gangan, domin abin yana damuna. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da injuna da masana'antu ke fitarwa, kuma wannan iska tana ƙara masa tsami. Ba tsamin da harshe zai ji ba ne, amma ya isa ya wahalar da mai gini da farar ƙasa. Ga kuma zafi. A cikin jikin murjanin tudu akwai wani ɗan gansakuka da ke ciyar da shi yana ba shi launi. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kawai na wasu makonni, sai murjanin ya kore shi, ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu da yunwa. An ga haka a faɗin duniya a 1998, kuma tudun Ostireliya ya sake yin fari a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024.

Kai ma, Malam, ruwan da kake jefa koma a ciki ba a Lagdo yake tsayawa ba. Binuwai yana wuce Garwa da Yola, ya haɗu da Kwara a Lakwaja, ya zube a teku, ɗauke da duk ledar da muka watsar a magudana lokacin damina.