Wai za a farfaɗo da Arrows, ƙanena ya zuba kuɗi: ina gaskiyar maganar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya shiga wani zauren WhatsApp inda ake sayar da hannun jari, wai za a farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar tseren motoci ta Arrows ta koma gasar Formula 1. Sun ce asalinta ta wani yarima ɗan Najeriya ce, ta sha cin kofi, Turawa suka ƙwace ta don hassada. Ya riga ya biya kashin farko, yanzu kuma yana maganar a sayar da filin da muka gada a ba shi rabonsa ya ƙara. Wallahi abin ya hana ni barci. Mene ne tarihin ƙungiyar nan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu shiga tarihi, kada a taɓa filin nan. Abin da aka sayar wa ƙanenka cinikin biri ne a sama.

Mu fara da kofin da aka ce ta sha ci. Arrows ta shiga tsere 382 tsakanin 1978 da 2002, ba ta ci ko ɗaya ba. Abin da aka fi saninta da shi ke nan a wurin masu bibiyar gasar: ƙungiyar da ta fi kowace yawan tsere ba tare da ta zo ta ɗaya ba. Ta zo ta biyu sau 5, shi ke nan.

A ƙarshen 1977 aka kafa ta a Ingila. Mutum biyar ne: Franco Ambrosio mai kuɗin, sai Alan Rees, Jackie Oliver, Dave Wass da Tony Southgate, waɗanda suka baro ƙungiyar Shadow. Daga haruffan sunayensu aka haɗa sunan. Tun ranar farko da rigima aka soma, domin motarsu ta farko, FA1, ta yi kama da ta Shadow fiye da kima. Shadow ta kai ƙara, babbar kotu a Landan ta haramta motar a 1978, dole suka ƙera sabuwa cikin ƙasa da wata biyu. Shi kuwa Ambrosio ba a jima ba aka ɗaure shi a Italiya kan badaƙalar kuɗi. Duk da haka matashin direbansu Riccardo Patrese ya yi ta jan gaba a tseren Afirka ta Kudu na shekarar, har injin ya ba shi kunya. A farkon shekarun 1990 wani attajirin Japan, Wataru Ohashi, ya zuba kuɗi aka sauya mata suna zuwa Footwork, aka ɗauko injin Porsche mai nauyin tsiya a 1991, aka yar da shi kafin kakar ta yi rabi. A 1996 Tom Walkinshaw ya saye ta.

Ranar da ta leƙo ta koma ita ce tseren Hungary na 1997. Damon Hill, wanda ya ci kambun duniya a 1996 da ƙungiyar Williams, shi ne ke tuƙa musu. Ya wuce Michael Schumacher, ya ba da tazarar fiye da daƙiƙa 30, saura zagaye uku a tashi sai na'urar matsin mai da ke sarrafa giya da totur ta samu matsala. Jacques Villeneuve ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Har yau idan na sake kallon wannan zagaye sai na ji babu daɗi.

To yanzu maganar yarima. Nan ne 'yan damfarar suka yi wayo, suka ɗauki gaskiya ƙwaya ɗaya suka gina ƙarya a kanta. Gaskiya ne a 1999 Malik Ado Ibrahim, ɗan marigayi Ohinoyi, wato sarkin ƙasar Ibira, wanda daga baya ya yi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar YPP a 2023, ya shigo Arrows da wani kaso na hannun jari, tare da kamfanin zuba jari na Morgan Grenfell. An manna wani tambari nasa mai suna t-minus a jikin motocin. A kakar nan maki ɗaya tak ƙungiyar ta samu, lokacin da Pedro de la Rosa ya zo na shida a Ostareliya. Kafin kakar ta ƙare alaƙar ta yanke, tambarin ya ɓace daga motocin. Ba shi ya kafa ƙungiyar ba, ta shekara 21 tana tsere kafin zuwansa, kuma Walkinshaw ne ke riƙe da ragamarta kafin nan da bayan nan. Jingina sunansa da wannan zaure dabara ce kawai ta masu neman a yarda da su.

Abin da ya kashe Arrows bashi ne. A 2002 ta kasa biyan kamfanin Cosworth kuɗin inji a kan kari, shari'a da Morgan Grenfell ta toshe hanyar sayar da ita, har ta kai a tseren Faransa direbobinta suka fita gwajin share fage suka ƙi yin gudun da zai ba su gurbi, don dai a rubuta cewa sun halarta. Tseren Jamus na wannan shekara shi ne na ƙarshe. A farkon 2003 aka rushe kamfanin, aka yi gwanjon kayansa.

Ga abin da ke ƙona mini rai, domin kusan kullum sai an aiko mini da irinsa. Mutane sun ɗauka ƙungiyar Formula 1 kamar shago ce a kasuwa: idan mai shi ya karye aka kulle, duk ranar da wani ya zo da kuɗi sai ya karɓi makulli ya share ƙura ya ci gaba da ciniki. Ba haka ba ne, kuma wannan gurguwar fahimta ita ce ƙofar da ake shiga aljihun mutane ta cikinta. Abin da ke da daraja a ƙungiya ba sunanta ba ne, ba kuma tsofaffin motocinta ba. Gurbinta ne a gasar, wato izinin shiga daga FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, da kuma yarjejeniyar da take da ita da masu gasar. Kamfanin da ke riƙe da gurbin idan ya mutu, gurbin ya bi shi kabari. An gwada, an gani. A 2002 ɗin nan wani kamfani mai suna Phoenix ya sayi ragowar kayan ƙungiyar Prost da ta durƙushe, ya kwashi motoci har Malesiya zai shiga tsere, FIA ta ce a'a, kaya kuka saya, ba gurbi ba. Motocin Arrows kansu an saye su: Paul Stoddart mai ƙungiyar Minardi ya kwashe, daga baya suka faɗa hannun Super Aguri ta Japan, wadda ta yi musu kwaskwarima ta yi tsere da su a 2006. Amma da gurbinta na kanta ta shiga, da sunanta, ba wanda ya kira ta Arrows.

To a 'yan shekarun nan fa, nawa ne kuɗin shiga? Yarjejeniyar gasar da ta yi aiki daga 2021 zuwa 2025 ta ɗora wa duk sabuwar ƙungiya dala miliyan 200 da za a raba wa tsofaffin, kafin ta ɗaura ko taya ɗaya. Iyakar abin da aka yarda ƙungiya ta kashe a 2023 kusan dala miliyan 135 ne, ban da albashin direbobi. Gidan Andretti na Amurka, da sunansu da kuɗinsu, FIA ta amince da su, masu gasar suka mayar da su a Janairun 2024. Sai da General Motors ya shigo gaba da sunan Cadillac sannan ƙofa ta buɗe don kakar 2026. Wannan wurin ne wani mai riƙe da zauren WhatsApp zai shiga da karo-karon naira? Haba, jama'a!

Na san amsar da za su ba ƙanenka, domin haddace ta suka yi: ai Ross Brawn da fam ɗaya ya sayi ƙungiya a 2009 ya ci kambu. Gaskiya ne, amma rabinta. Ƙungiyar Honda ce mai rai, da masana'antarta a Brackley, da ɗaruruwan ma'aikata, da motar da aka riga aka zana, kuma Honda ta bar masa maƙudan kuɗin gudanar da kakar, don hakan ya fi mata sauƙi a kan ta sallami kowa. Mai rai ya karɓa, ba gawa ba.

Ku zaunar da shi cikin lalama, ban da gori, don wanda aka kunyata a gaban 'yan'uwa yakan ƙara zurmawa ne. Ku ce ya tambaye su lambar rajistar kamfanin, da shaidar cewa hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta amince su sayar wa jama'a hannun jari a Najeriya, da takardar FIA mai ɗauke da sunansu. Ku lura da asusun da ya tura kuɗin, za ku tarar da sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Idan ya nemi a mayar masa da kuɗinsa za su ce sai ya biya kuɗin cirewa, kada ya ƙara musu ko kwabo. Ya adana rasit ɗin turawa da hotunan hirarrakin kafin su cire shi daga zauren, ya je bankinsa gobe da safe ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ku kai wa EFCC. Takardun filin kuma a miƙa su ga babban yayanku ko kawunku ya ajiye, har ƙurar ta lafa.