Kwana biyu a Munich lokacin Oktoberfest: me mai jakar goyo zai gani in ba ya shan giya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Leipzig, shekarata ɗaya ke nan a Jamus. Abokan karatuna sun matsa min mu je Munich a ƙarshen mako lokacin bikin Oktoberfest. Ni ba na shan giya, kuɗina ba su taka kara sun karya ba, kuma jakar goyo ɗaya ce duk kayana. Akwai abin da zan gani, ko asarar kuɗin mota kawai zan yi? Ina zan kwana, me zan ci?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Akwai abin gani, har ya fi ƙarfin kwana biyu. Sai dai shawarata ita ce ka ɗauki tafiyar a matsayin ziyarar birnin Munich, filin bikin ka ware masa safiya ɗaya tak. Abokanka za su so su wuni a rumfar giya tun hantsi har dare. Su abin da ya kawo su ke nan, kai kuwa naka daban ne, gara ku yi wannan magana tun a Leipzig kafin a sayi tikiti.

Bari in fara da jakar, don ita ce za ta fara ba ka matsala. Tun 2016 ba a shiga filin bikin da jakar goyo. Duk jakar da ta wuce cin lita 3, wato kimanin santimita 20 da 15 da 10, masu gadi za su tsayar da kai a ƙofa, kuma ba su san magiya ba. Akwai wuraren ajiya na kuɗi kusa da ƙofofin, akwai kuma akwatunan ajiya a babbar tashar jirgin ƙasa, amma ranar Asabar kafin rana ta ɗaga sun cika. Na taɓa ganin wani saurayi da ƙatuwar jaka a baya, tabarmar kwanansa a naɗe a samanta, abokansa sun shige sun bar shi yana zagaye neman inda zai ajiye ta. Bar taka a masauki. Katin shaidarka, waya da tsabar kuɗi a aljihun gaba sun wadatar, domin ba kowane mai sayarwa ke karɓar kati ba. Wannan tsaurin na tsaro ne, kuma bikin ya taɓa ganin hari. A bakin babbar ƙofa za ka ga wurin tunawa da harin bam na 26 ga Satumba 1980, wanda wani mai tsattsauran ra'ayin ƙyamar baƙi ya kai, mutum 13 suka mutu har da shi, fiye da 200 suka jikkata. Yawancin masu shiga ba sa ko waiwayarsa. Kai ka ɗan tsaya.

Masauki kuwa, nan ne kuɗi ke tafiya. Mutum wajen miliyan 6 ke zuwa bikin nan a cikin kwana 16 zuwa 18, a 2023 ma sun kai miliyan 7.2. Gado ɗaya a ɗakin haɗaka, irin mai hawa biyu da ake kwana mutum shida ko takwas, farashinsa kan ninka sau biyu ko uku, kuma tun watanni kafin lokacin ake kame su. In ka makara, kada ka wahalar da kanka a cikin gari. Nemi ɗaki a Augsburg, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin yanki, ko Freising, ko wani ƙaramin gari da ke kan layin jirgi. In kana da Deutschlandticket, tikitin wata-wata na jiragen yanki da motocin gari a faɗin Jamus, ko irinsa na ɗalibai da jami'o'i da yawa ke bayarwa, zirga-zirgar nan ba za ta ci maka ko sisi ba, har jiragen ƙarƙashin ƙasa da motocin cikin Munich. Ka dai tuna ba ya aiki a jirgin ICE, mai gudun nan na dogon zango. Akwai masu kafa tanti a Thalkirchen, ya fi araha, amma daren ƙarshen Satumba a Bavariya, jihar da Munich take, sanyi ne mai shiga ƙashi, ga maƙwabtanka za su dawo tsakar dare a buge. Ni ba zan tura ka can ba.

To shi bikin fa, mene ne asalinsa? Biki ne na aure. Ranar 12 ga Oktoba 1810 Yarima Ludwig mai jiran gadon Bavariya ya auri Gimbiya Therese, aka gayyaci mutanen gari, bayan kwana biyar aka rufe shagali da sukuwar dawaki a wani fili a bayan gari. Filin ya ci sunan amarya, Theresienwiese, wato makiyayar Therese. Mutanen Munich dai Wiesn suke cewa, da filin da bikin duka, kuma in ka faɗi haka za su san ba jiya ka zo ba. Sukuwa ta yi daɗi aka maimaita, aka haɗa da baje kolin amfanin gona, daga baya lilo da rumfunan giya suka shigo har suka mamaye. An jawo farkonsa zuwa Satumba ne saboda yanayi ya fi daɗi, shi ya sa bikin Oktoba yawancinsa a Satumba ake yi, a rufe a Lahadin farko ta Oktoba, ko ranar 3 ga wata in Lahadin ta riga ta.

Ba zan ɓoye maka ba, giya ce zuciyar abin. Manyan rumfuna 14 ne, ko da yake kiran su rumfa ma raini ne, don gine-ginen katako ne da ake kafawa duk shekara, wasu na ɗaukar mutum dubu shida ko fiye a ciki. Kamfanonin giya shida na Munich kaɗai aka yarda su sayar: Augustiner, Hacker-Pschorr, Hofbräu, Löwenbräu, Paulaner da Spaten. Ana kawo ta a ƙaton tambulan mai cin lita ɗaya da suke kira Maß, kuɗinsa wajen Yuro 15 a 'yan shekarun nan, kuma ta fi giyar yau da kullum ƙarfi, kusan kashi 6 cikin ɗari. Ranar buɗewa, ƙarfe 12 na rana daidai, magajin garin Munich ke buga famfo a gangar farko a rumfar Schottenhamel ya ce "O'zapft is", wato an huda, a harba bindiga sau 12, sannan a fara sayarwa. Tun 1950 ake haka, har mutanen gari na ƙirga sau nawa ya buga guduma kafin famfon ya shiga, a yi ta tsokanarsa in ya yawaita.

A cikin rumfa ba a ba mutum abin sha sai yana da wurin zama, kuma wurin zaman benci ne da ake matsuwa kafaɗa da kafaɗa da masu sha. Hukuncin zama a irin wannan teburi, wannan fagen malamai ne, kuma ka san abin da suka ce. Abin da zan iya gaya maka shi ne, ko ta fuskar jin daɗi kawai, mutumin da idonsa biyu a rumfa bayan la'asar wahala yake sha: ƙara, zafi, giya na zuba a takalminka, wani ya rungume ka yana waƙar da ba ka sani ba. In kana son ganin yadda cikinta yake, shiga kyauta ne. Leƙa da safe, ka zagaya ta gefe, ka ɗaga kai ka ga rufin rumfar Hacker da aka yi wa zanen sararin sama da gajimare, ka fito. Ranar Asabar ma sau da yawa tun kafin azahar suke rufe ƙofa saboda cika.

Waje kuwa wata duniya ce. Rabin filin kasuwar wasanni ce, ga iyalai da yara da tsofaffi cikin kayan gargajiya, maza da gajeren wandon fata, mata da riga mai ɗaurin gaba. Hau babban lilo mai juyawa, tsayinsa mita 50, in gari ya yi garau har duwatsun Alps za ka hango. In zuciyarka na da ƙarfi ga Olympia Looping mai zobba biyar. Wanda na fi so shi ne Teufelsrad, ya haura shekara ɗari: faifan katako ne shimfiɗe a ƙasa, mutane su zauna a kai, a yi ta juya shi yana watso su ɗaya bayan ɗaya, mai sanarwa na yi musu shaƙiyanci da Jamusancin Bavariya. Wanda ya yi taurin kai ya ƙi faɗuwa sai a jefa masa igiya a zarge shi. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma za ka yi dariya har cikinka ya ƙulle ko ba ka jin abin da ake faɗa. A kudancin filin akwai Oide Wiesn, tsohon salon bikin, ana biyan Yuro 4 a shiga, ya fi natsuwa nesa ba kusa ba. Ta yamma kuma ga mutum-mutumin Bavaria na tagulla, mita 18, wanda Ludwig ɗin nan ya sa aka ƙera bayan ya zama sarki, aka ƙaddamar a 1850. Ana hawa ta cikinsa har kai. Gangaren ciyawar da ke wannan gefen, kada ka ce za ka huta a wurin, nan waɗanda giya ta kayar ke zubewa, sunan da mutanen gari suka sa masa ma tudun amai ne.

In da hali, zaɓi ƙarshen makon farko. Ranar Asabar da safe masu rumfuna ke shigowa da jerin gwanon kekunan doki ɗauke da ganguna, dawakan an yi musu ado kamar za su hawan salla. Ranar Lahadi kuma jerin gwanon kayan gargajiya ne, mutum wajen 9,000, tafiyar kilomita 7 ta tsakiyar gari, da 'yan bindiga da mabusa da makaɗa. A bakin titi za ka tsaya ka kashe kwarkwatar idonka kyauta, babu ruwanka da rumfa. Ƙarshen mako na tsakiya shi ake kira na Italiyawa, cunkosonsa ba a magana.

Abinci yana son lura. Naman alade ya cika ko'ina, kuma ba kullum sunan ke nuna shi ba: Schweinshaxe, Weißwurst da Leberkäse duk ka kauce musu. Gasasshiyar kaza da suke kira Hendl ita ce ta fi fita, amma ba wanda zai ce maka yankan Musulmi ne. Mafita ita ce Steckerlfisch, kifi ne da ake tsirewa a sanda a jera a kan garwashi kamar tsire, galibi irin wanda muke kira titus a gida. A bakin rumfar Fischer-Vroni ake gasa shi, ƙamshin zai kai ka. Haɗa da Brezn, burodin nan mai gishiri da aka murɗe, ko da yake wasu masu gashi na sa kitsen alade a kwaɓin, tambaya ba laifi ba ce. Cukun Obatzda sau da yawa ana zuba masa giya, haka romon da ake zubawa a kan nama. Wajen abin sha ne baƙi suka fi faɗawa rami. Radler ba lemo ba ne, rabinsa giya ce. Wadda aka rubuta wa alkoholfrei kuma doka ta yarda ta ƙunshi barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Ce a ba ka Spezi, wato kola da lemon zaƙi, ko Apfelschorle, ruwan tuffa da soda. A rumfa su ma ɗan karen tsada gare su, amma akwai famfunan ruwan sha kyauta a filin.

Abin da zai sauƙaƙa maka rayuwa shi ne unguwar da ke kudu da babbar tasha, titunan Goethe, Landwehr da Schiller. Shagunan Turkawa da Larabawa ne a jere, abincin halal mai araha, da ƙananan masallatai a cikin benaye, ka tambayi kowane mai shago zai nuna maka. Kuma tana kan hanyar filin bikin, wanda tafiyar minti 15 ce a ƙafa daga tashar. Ci ka ƙoshi a nan kafin ka shiga.

Sauran lokacinka na gari ne. Ka kasance a Marienplatz ƙarfe 11 ko 12, ko 5 na yamma, lokacin da 'yan tsanan agogon zauren majalisar birni ke fitowa suna rawa. Kada ka sa rai da yawa, abin kallo ne na minti goma. Abin da ya fi shi shi ne hawa hasumiyar cocin Alter Peter da ke gefe, matakala kusan 300 a matsattsen lungu, daga sama ka ga jajayen rufin gari da tagwayen hasumiyoyin Frauenkirche masu mita 99. Sauka ka faɗa kasuwar Viktualienmarkt, amma ranar Asabar, don Lahadi a rufe take, kamar sauran shaguna in ban da na tasha. Lahadin ka ba gidajen tarihi: na gwamnatin Bavariya irin su Alte Pinakothek Yuro 1 kacal ake shiga a ranar. In ka gaji da mutane, lambun Englischer Garten na nan, ya fi Central Park na New York girma.

Na san in ka koma ba ka ga filin Bayern Munich ba, 'yan gida ba za su yarda ka je Munich ba. Jirgin U6 zai sauke ka a Fröttmaning, kuma masallacin Freimann da aka buɗe a 1973 yana wannan yankin, ka haɗa su a tafiya ɗaya. Sansanin gwale-gwale na Dachau, wanda 'yan Nazi suka buɗe a Maris 1933, jirgin S2 ne da mota lamba 726, shiga kyauta. Wuri ne da ya kamata duk mazaunin Jamus ya gani, amma rabin wuni yake ci kuma mutum ba ya fitowa da sha'awar hawa lilo. Ka ware masa tafiya tasa daban.

Ga yadda ni zan yi in ni ne kai. Asabar ka shiga filin da zarar an buɗe ƙarfe 9, kafin ƙarfe 1 ka fito, yamma ta zama ta tsohon gari. Ku tsayar da wurin haɗuwa da abokanka a wajen filin, domin waya kan ƙi shiga saboda yawan jama'a. Ƙarfe 10 da rabi na dare ake daina ba da giya a yawancin rumfuna, daga nan tashar Theresienwiese ta U4 da U5 sai turereniya. Ka riga su barin gari. In kuma abokin tafiyarka ya bugu har ba ya amsa kira, kada ku jingine shi a benci ku ce barci yake. Ku kwantar da shi ta gefe, ku kira 112, ko ku tsayar da ma'aikatan agaji da ke zagaya filin, kuma ka duba tun da rana ƙarfe nawa jirgin ƙarshe na Augsburg ke tashi.