Na ƙara yuriya, na matse dashe, me ya sa shinkafata ta kwanta?

Tambaya daga wani manomi a Wurno: Assalamu alaikum. A noman ranin bara na dasa irin shinkafa FARO 44 a matse sosai don in samu yawa, na kuma zuba yuriya buhu 6 a hekta ɗaya. Shinkafar ta yi kore shar, amma dab da yanka sai ta kwanta, rabin zangarniyar babu ƙwaya. A ina na yi kuskure?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Abin ya taɓa ni, domin na san kuɗin buhun taki da na man injin ban ruwa a yanzu.

Ba koren ganye ke cika buhu ba. Yawan zangarniya da cikar ƙwayar da ke jikinta su ne amfanin. Sinadarin naitirojin da ke cikin yuriya, kashi 46 cikin 100, shi ke sa shinkafa ta yi 'ya'ya, wato sababbin karare daga gindi, ta baza ganye. Idan ya wuce kima sai kara ya yi tsawo ya yi laushi. A gonar da aka matse, ganye na rufe ganye, rana ba ta kai wa gindi, iska ba ta ratsawa, tsutsar kara da cutar ƙunar ganye su samu wurin zama. Ƙananan 'ya'yan su mutu ba su fitar da kai ba, sauran kuma iska ɗaya ta kwantar da su. Buhu 6 ɗin nan, masu kilo 50 kowanne, kilo 138 ne na naitirojin, ban da wanda ke cikin takin kamfa (NPK) in ka sa shi. Da tazarar ta yi daidai, wataƙila gonar ta ɗauka. Haɗuwar biyun ce ta kayar da ita.

Bana ka ja igiya, ka bar santimita 20 tsakanin layi da layi, 20 tsakanin gindi da gindi, wato kamar taƙi guda. Hakan zai ba ka gindi 25 a kowace murabba'in mita, 250,000 a hekta. Ka sa tsiro 2 ko 3 a rami, masu kwana 21 ko kusa da haka. Masu dashe da yawa kan cusa 6 ko 7 don sauri, sai ka tsaya a kansu. Kar kuma a buɗe da yawa, ciyawa ce za ta ci takin.

Ga taki, a kowace hekta, kamfa 15:15:15 buhu 4 lokacin dashe, sai yuriya buhu 3, jimilla kusan kilo 100 na naitirojin. Amma ni a wurina lokacin sawa ya fi yawan muhimmanci. Ka raba yuriyar biyu: rabi bayan mako 2 zuwa 3 da dashe, sa'ad da take 'ya'ya, rabi kuma wajen mako 6 zuwa 7, kafin ta ɗauki ciki. Ka tsaga kara ɗaya, in ka ga ɗan farin abu kamar auduga a cikinsa, lokacin ya yi. Wannan na biyun shi ke ƙayyade yawan ƙwaya. Inda ƙasa ke da yashi, kamar wasu gonakin gefen Gulbin Rima, raba shi uku ya fi, don ruwa na wanke shi ƙasa.

Ka cire ciyawa tukuna, ka rage ruwa ya zama taɓo, ka watsa da yamma, ka toshe mafitar ruwan kwana biyu ko uku. Yuriyar da aka zuba cikin ruwa mai zafi da tsakar rana, wani ɓangarenta iska yake bi.

In kuma ka ga ganye ya yi rawaya a tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, kar ka yi saurin ɗauko buhu. Sau da yawa ɗari ne ya daƙile ta, kuma da zarar gari ya fara ɗumi za ka ga ta farfaɗo.