Kada Ka Kai Kuɗin Adashenka Kantin Apple, Ba Nan Ciwon Yake Ba

Wani matashi mai situdiyon waƙa a wani ƙauye kusa da Ringim ya aiko mini da tambaya. A taƙaice, yana yin waƙoƙin biki, da na bege, da tallan shaguna, da kwamfutar HP ta hannu, da fiyanon Yamaha, da ƙaramin akwatin sauti. Waƙar biki ɗaya naira dubu 30 yake karɓa. Ɗan yayarsa ne ke tsare masa shago, kuma da wannan kwamfutar ce yaron ke tura wa mutane finafinai a waya. Wani dare yaron ya ga saƙon komawa Windows 11, ya danna. Da gari ya waye akwatin sauti ya daina magana, tsohuwar Cubase ɗinsa, manhajar da yake haɗa kiɗa da ita, ta ƙi buɗe wasu kayan kiɗan. Suka kai wa mai gyara, ya goge faifan kaf ya zuba sabuwar Windows. Waƙoƙin biki uku da ba a miƙa ba suka tafi, tare da aikin shekara huɗu. Tambayarsa: zai kwashi adashe, an yi masa tayin MacBook, kwamfutar kamfanin Apple, a dubu 900, ya saya ya koma Kano a san shi? An ce masa ita ba ta wannan halin.

Ƙanena, Allah Ya mayar maka da alheri. Amma ba zan rarrashe ka da ƙarya ba. Sabuntawar nan ba ta goge maka waƙa ko ɗaya ba. Lokacin da kuka ɗauki kwamfutar zuwa wurin mai gyara, duk aikinka yana ciki lafiya lau. Abin da ya lalace direban akwatin sauti ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa akwatin da Windows, kuma galibi sauko da sabonsa daga shafin kamfanin ke warware matsalar. Ko da hakan ya ƙi, Windows na ba mutum kwana 10 bayan irin wannan ƙaura ya koma tsohuwar da ya baro, da 'yan danne-danne kawai. Gogewar ce ta kashe ka, ita kuma ta yi tasiri ne saboda dalili ɗaya: shekara huɗu kana aiki, ba ka da kwafin komai a ko'ina.

Nan ne kuskurenka, kuma nan zan tsaya. Ka ɗauka jarinka shi ne kwamfuta. Kwamfuta ana sayenta a Kano da safe a dawo da ita kafin la'asar. Abin da ba a sayarwa a kasuwa shi ne muryoyin da ka ɗauka, da kiɗan da ka gina kake sauya wa sunan amarya da ango, da saitin da ka ɓata shekaru kana daidaitawa har amshi ya zauna daidai. Wannan ne ke sa ka gama waƙa cikin wuni guda, alhali sabon shiga sai ya yi mako. Ka bar shi a faifai ɗaya, a cikin na'ura ɗaya, a hannun yaron da ke cusa mata mimori ashirin a rana. Ko yaron bai danna komai ba, wata rana faifan zai mutu, ko ɓarawo ya shigo, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta. Da sabuwar MacBook ɗin ma haka za ka wayi gari hannu wayam.

Waɗanda suka ce maka Apple ba ta wannan, ba su taɓa riƙe situdiyo ba. Kowace shekara Apple na fitar da sabon macOS, wato takwaran Windows a kwamfutocinta, kuma kowace shekara kamfanonin manhajar kiɗa kan roƙi masu situdiyo su dakata har su gama gwaji. A 2019, macOS Catalina ta daina karɓar duk tsofaffin manhajoji masu 32-bit, masu situdiyo a Amurka da Ingila suka yi ta kuka kamar yadda kake yi yanzu. Kayan kiɗan da ka saba da su a Windows ba za su bi ka can haka kawai ba, sai ka nemi na Mac. In ta lalace kuma babu mai taɓa maka ita a ƙauye. Ka lissafa: dubu 900 waƙoƙi 30 ne cif, kafin ka cire man janareta da haƙƙin 'yan amshi. Batun komawa Kano kuwa, a ƙauyenku kai kaɗai ne ko ku biyu, a can layi guda sai ka ƙirga situdiyo da yawa, ga kuɗin haya. Wanda ya kasa tsare faifai ɗaya a garinsu, me zai tsare a birni? Na gaji da jin matasa suna neman suna kafin su iya ajiya.

Kada kuma ka zarce zuwa ɗaya ɓangaren, ka ce ka yi hannun riga da sabuntawa har abada. Na san wani mai situdiyo a yankin Ɗambatta da ya rantse ba zai taɓa bari a sabunta tasa ba, amma kullum tana kan intanet, yana sauko da manhajojin sata, yaransa na cusa filash. Rana ɗaya ya buɗe ya tarar an kulle duk fayilolinsa, ga saƙo da Turanci ana neman kuɗin fansa da dala. Lokacin kuwa ana dab da Maulidi, yana riƙe da aikin sha'irai da dama. Bai farfaɗo ba, ƙarshe ya sayar da fiyanon ya biya bashi. Irin wannan ba a kan talaka kaɗai yake faɗawa ba. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta durƙusar da asibitoci a Ingila, alhali Microsoft, kamfanin da ke yin Windows, ta fitar da maganinta tun watan Maris, ba a dai saka ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kai za ka zaɓi ranar, ba kwamfuta ba, ba yaro ba. Mai injin niƙa ba ya kwance injinsa ranar kasuwa. Ka san lokutan cinikinka: bayan kaka, da watan Sha'aban da ake rige-rigen ɗaura aure, da bayan Sallah, da Maulidi, ga kuma waƙoƙin siyasa da zaɓen 2027 zai kawo. A waɗannan lokuta kwamfutar aiki ta zauna ba intanet, ka riƙa aika waƙa ta wayarka. In dole ta hau, Windows na bari a ɗage sabuntawa har mako biyar. Sai farkon azumi ko tsakiyar damina, da babu aikin kowa a hannunka, ka ɗauki kwafin faifan gaba ɗaya, ka duba ko kamfanin akwatin sautinka ya fitar da direban da ya dace, sannan ka sabunta da cikakkiyar wuta, don ɗaukewar wuta ana tsaka da aikin na iya hana ta tashi. Ka bambance ƙananan facin tsaro da Microsoft ke fitarwa Talata ta biyu a kowane wata, waɗanda ba kasafai suke ɓata aiki ba, da ƙaura daga wata Windows zuwa wata, wadda ita ce ta kayar da kai. Ka kuma sani tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafin da ta saba bai wa Windows 10, don haka in a kanta za ka zauna, zaman nesa da intanet ya zama dole.

Game da ɗan yayarka, laifinsa kaɗan ne, kai ka ba shi mabuɗi. Kada ka kore shi ka ɓata zumunci. Ka sauya lambar sirri yau, ka sayo masa wata tsohuwar kwamfuta mai araha ya ci gaba da turawarsa, ku riƙa raba riba a rubuce. Yayarka za ta fi jin daɗin hakan.

Yanzu ga inda kuɗin adashen za su. Faifan ajiya na waje guda biyu, wanda a ƙiyasina kowanne ba zai wuce kuɗin waƙoƙi uku ba. Ɗaya a shago, kana kwafe aikin rana kafin ka rufe. Ɗaya a gida, kana sabunta shi duk Juma'a. Sabon batir ga kwamfutar in nata ya mutu. Littafi na takarda da za ka rubuta sunan kowace manhaja, da lambar zubinta, da ranar da ka taɓa wani abu. Abin da ya rage ka fara sayen manhaja ta halal, manhajar kiɗa ta FL Studio ma in ka saya sau ɗaya sabuntawarta kyauta ce har abada.

Tsohon faifan da aka goge, ka daina zuba masa komai daga yanzu. In mai juyawa ne, wanda ya iya aikin ceto fayil a Kano zai iya tsamo wani abu, in SSD ne, wato sabon samfurin da ba ya juyawa, kada ka sa rai sosai. Masu bikin nan uku kuwa ka je gidajensu da ƙafarka, ka faɗa musu abin da ya faru, ka sake musu waƙar ba tare da ƙarin ko sisi ba, ko da bikin ya riga ya wuce.