Gadar Landan da aka kai Amurka: duwatsu aka saya, ba tushe ba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta tara kuɗi don a yi mana gada a kan rafin da ke raba mu da kasuwa da makaranta duk damina. Wani ɗan kwangila ya ce zai samo mana tsohuwar gadar ƙarfe da aka kwance a wani wuri, a zo a ɗaura kawai, ba sai an ɓata kuɗi wajen awon ƙasa ba. Hujjarsa wai har gadar Landan an taɓa saye, aka kai ta Amurka aka mayar da ita yadda take, kuma tana nan daram. Dattawa sun gamsu, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don 'ya'yanmu ne za su riƙa bi ta kai. Gaskiya ne labarin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. An yi cinikin, amma yadda aka ba ku labarin akwai ha'inci a ciki.

Gadar da ake magana ta dutse ce, mai baka biyar, a kan kogin Thames. John Rennie ya zana ta, ɗansa ya gina, aka buɗe ta a 1831. Abin da ya sa hukumar birnin Landan ta sa ta a kasuwa a 1967 shi ne nutsewa take yi, kamar inci ɗaya duk shekara takwas, kuma ɓangare ɗaya ya fi ɗayan yin ƙasa. Ranar 18 ga Afrilu 1968 attajirin Amurka Robert McCulloch ya saye ta a kan dala miliyan 2.46, don ta jawo masu sayen filaye zuwa sabon garin da ya kafa a hamadar jihar Arizona, wato Lake Havasu City. Aka sa wa duwatsun lamba ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora a jirgin ruwa ta mashigin Panama zuwa Long Beach a Kalifoniya, daga nan manyan motoci suka ƙarasa da su. An buɗe ta ranar 10 ga Oktoba 1971. Jita-jitar cewa ya zaci gadar Tower Bridge mai hasumiya biyu ya saya, shi da Ivan Luckin, ɗan majalisar birnin da ya shirya cinikin, duk sun ƙaryata ta.

To ga abin da ɗan kwangilarku bai faɗa ba. Gadar da ke Arizona yau sabuwa ce fil, ta kankare da rodi, cikinta rami ne. Tsofaffin duwatsun riga kawai aka sa mata da su, har ma sai da aka yanke bayan da yawa daga cikinsu aka rage musu kauri kafin a manna. Kuma a kan busasshiyar ƙasa aka gina ta, da sabon tushe da aka yi wa lissafi, sai da aka gama sannan aka haƙa hanyar ruwa a ƙarƙashinta. Mutumin da ke da miliyoyin daloli, da injiniyoyi a hannunsa, bai yarda ya ɗora rayukan jama'a a kan tsohon gini ba. Kuɗin jigila da sake ginin ma ya ninka kuɗin sayen.

Wannan tunani na cewa "ai ta shekara kaza tana aiki, don haka tana da ƙarfi" shi ne nake fama da shi kusan kullum, kuma ya ishe ni. Gada ba tukunya ba ce da za ka ɗauke daga wannan murhu ka ɗora a wancan. Kowace gada an yi ta ne don wurinta: faɗin ruwan, irin ƙasar da ke gindinsa, tsawon da ambaliya ke kaiwa, da nauyin abin da zai hau. Ita kanta gadar Landan duwatsunta lafiya lau suke, ƙarƙashinta ne ya gaza. Ko maginin gargajiya da ke ɗaura bakan gizo a soro ya san idan bangon da baka ya dogara da shi ya motsa, azara komai kyanta ba ta hana rufi faɗowa.

A rafuka irin naku kuwa, babban makashin gada shi ne ruwa ya riƙa rarake yashin da ke gindin ginshiƙi. Da rani sai ka ga rafin ya bushe, yara na ƙwallo a ciki. A watan Agusta ruwa ya zo da ƙarfi cikin dare, ya kwashe ƙasar da tushen ke zaune a kai, da safe saman gadar na nan kamar ba abin da ya faru, sai ranar da tifa ta hau da lodin yashi. Awon ƙasar da ake ce muku ɓarnar kuɗi ne, shi kaɗai ke nuna zurfin da za a kai kafin a sami ƙasa mai ƙwari. Duk wanda ya ce a tsallake shi, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana so ya cinye kuɗin.

Sai ƙarfen kansa. Ƙarfe yana gajiya. Shekaru na hawa da saukar motoci suna haifar da 'yan tsage-tsage a bakin ramin noti da wajen walda, waɗanda ido ba ya gani. 'Yan gwangwan da dillalai sun san haka, shi ya sa suke shafa sabon fenti a kan tsatsa. Na sha zuwa duba ƙarafan da aka sayo, in sa guduma in ƙwanƙwasa, ɓawon tsatsa ya zubo, kaurin da ya rage bai kai yadda aka faɗa wa masu saye ba. Kuma ka tambayi kanka, me ya sa masu ita na farko suka kwance ta?

Ban ce haramun ne a yi amfani da tsohuwar gadar ƙarfe ba. Akwai irin ta Bailey, wadda aka ƙirƙiro wa sojojin Birtaniya lokacin yaƙin duniya na biyu, da ma don a kwance a sake ɗaurawa aka yi ta. Amma ita ma sai an duba kowane ɓangare, an tabbatar fil-fil ɗinta na asali ne ba na maƙerin bakin titi ba, an gina mata sabon mazauni a gaɓa biyu, an kuma kafa allon iyakar nauyi.

Malam, kada ku saki ko kwabo tukuna. Ku nemo injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda ba ɗan kwangilar ne ya kawo shi ba. Ya auna ƙasar, ya zauna da tsofaffin garin su nuna masa inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ambaliya ta fi muni, ya je ya ga ƙarfen da idonsa kafin a yi masa fenti, ya sa hannu da hatiminsa a kan zanen. Mai yiwuwa ma ya ce muku kwalbati mai ƙofa uku ko huɗu ya ishi rafin, a kuɗin da bai kai na jigilar tsohon ƙarfen ba. Idan ɗan kwangilar ya ƙi yarda a yi wannan binciken, ku sallame shi a zaman nan.