Me zan duba kafin in ɗaga jirgin rimot ɗina karo na farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi ƙaramin jirgin sama na rimot, irin na koyo mai fiffike a sama, faɗinsa mita 1.2, yana aiki da batirin LiPo (batirin lithium mai caji) mai ɗaki uku, wato ƙananan batura uku a haɗe. Na gama haɗa shi, farfela tana juyawa, komai yana motsi. Sai dai ina tsoron kada tashin farko ya zama na ƙarshe. Me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce komai yana motsi, ni kuma tambayata ita ce: ina yake motsawa? Yawancin jiragen da ke farfashewa a sakannin farko ba rashin iya tuƙi ne ya kayar da su ba. Tun a kan tebur aka yi kuskuren, kuma kusan kullum ɗayan biyu ne: ko nauyi bai zauna inda ya dace ba, ko wani leɓe (ɓangaren fiffike ko wutsiya mai motsi, wanda ake juya jirgin da shi) yana tafiya a baibai.

Kafin ka taɓa komai, cire farfela. Injin lantarki ba ya gargaɗi, hannun riga kaɗai zai iya ture totur, farfela kuwa tana yanka yatsa.

Mu fara da nauyi. Takardar da ta zo da jirgin za ta nuna maka cibiyar nauyinsa, a milimita, daga bakin fiffike na gaba. A irin jirginka wurin yakan faɗo tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffiken daga gaba zuwa baya. Yi alama a ƙarƙashin fikafikan biyu, sa batirin a mazauninsa kamar yanzu za ka tashi, sannan ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu. Ya tsaya daidai, ko hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Idan wutsiya ce ta rinjaya, kada ka kuskura ka tashi. Jirgin da gabansa ya yi nauyi zai ba ka wahala, zai nemi gudu wajen sauka, amma yana jin magana. Wanda bayansa ya yi nauyi kuwa, da ka ɗan taɓa sandar rimot sai ya ɗaga kai fiye da kima, iska ta saki fiffiken, ya kife. Ko gwani da ƙyar yake ceto shi. Gyaran bai buƙatar ƙarin ƙarfe: matsar da batirin gaba, ka ɗaure shi tamau. Batirin da ya zame baya lokacin hawa ya rushe duk awon da ka yi.

Sai leɓɓa. Tsaya a bayan jirgin, hancinsa yana kallon inda kake kallo. Tura sandar juyi dama: leɓen fiffiken dama ya tashi sama, na hagu ya sauka. Jawo sandar hawa da sauka zuwa wajenka: leɓen wutsiya na kwance ya tashi sama. Tura sandar wutsiya dama: leɓen tsaye ya karkata dama. Ka faɗa da bakinka kana kallo, domin ido yana ganin motsi ya gamsu bai tambayi alkibla ba. Ni kaina na taɓa yin asarar jirgi a haka. Ya karkata hagu, na ba shi dama, ya ƙara nutsewa hagu, kafin in gane ya riga ya zama tarkace. Idan jirginka yana da na'urar daidaita kai, karkata shi da hannu ka ga leɓɓan suna ƙoƙarin mayar da shi ne, ba ƙara masa karkata ba.

Ja kowane leɓe a hankali ka ji ko gam ya kama, ka duba mahaɗin waya da sukurori. Rage yawan motsin leɓɓa a rimot zuwa ƙaramin saitin da takarda ta bayar, hannun sabon matuƙi rawa yake yi.

Rimot ake fara kunnawa, totur a ƙasa, sannan a jona batirin jirgi. Wajen kashewa a fara da jirgin. Gwada abin da zai faru idan sigina ta yanke: ba shi totur kaɗan, har yanzu babu farfela, sai ka kashe rimot. Dole injin ya tsaya. A fili kuma ka yi gwajin nisa. Yawancin rimot masu 2.4 GHz suna da saitin rage ƙarfi don wannan. Ka yi taku 30 nesa da jirgin, wani ya riƙe shi yana juya shi, ka tabbata babu inda leɓe ya tsaya ko ya yi karkarwa. Da ka mayar da farfela, gefen da ke da rubutu ya kalli gaba, iska ta riƙa bugawa baya. In injin yana juyawa a baibai, sauya kowane biyu cikin wayoyinsa uku.

Cikakken caji volt 4.2 ne a kowane ɗaki, wato 12.6 a naka. Auna, kada ka yi zato.

Ranar tashi ka nemi fili mai faɗi, nesa da mutane, wayoyin lantarki da filin jirgin sama. Ƙasashe da dama sun kayyade tsayin tashi a mita 120, wasu kuma suna buƙatar rajista, don haka duba dokar inda kake. Sassafe ya fi, lokacin da iska ke kwance. In ka ga rassan itatuwa suna kaɗawa sosai, mayar da jirgin gida, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Tashi da sauka duka a fuskanci iska, rana kuma ta kasance a bayanka. In akwai gwani kusa, ba shi tashin farko ya daidaita maka jirgin, babu abin kunya a ciki.

In kai kaɗai ne, hau sama sosai kafin ka juya, ka rage totur zuwa wajen rabi, ka yi manyan kewaye. Ka tuna idan jirgin ya fuskanto ka, damansa ta koma hagunka. Sa agogo a minti huɗu, ka fara gwada saukowa tun batir yana da ƙarfin da za ka fasa ka sake zagayowa. Bayan ka sauka ka auna batirin: in kowane ɗaki yana wajen volt 3.8, lokacin ya yi daidai, in ya haura haka sosai sai ka ƙara minti ɗaya a tashi na gaba.